Jan Fenti

A Marwa, gab da gadar Mayo Kaliyawo,
aka miƙo mini gwangwanin jan fenti da buroshi.
Aka ce, "Tanimu, bi igiyar awon nan,
duk itacen da ya faɗo ciki, shafa masa."
Sefa dubu biyu a yini. Na karɓa.
Mai iyali ba ya tambayar launin aiki.

Dalbejiya bakwai na shafa kafin hantsi,
hannuna bai ko girgiza ba.
Sai na iso gindin madacin nan
mai ƙusa uku a ƙirji,
inda Baba Hamajoda ke rataye agogunan gyara
tun ina zuwa da goron mahaifina a aljihu.
Bai ce mini komai ba.
Ya dai cire gilashin idonsa ya goge,
ya ja bencinsa gefe don in sami wurin tsayawa.
Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Fenti ya bushe a bakin buroshi.
Injiniya Asta Wabi ta same ni a tsaye,
hular kwano a ka, taswira a hammata.
Ta ɗaga kai ta dubi rassa,
ta daɗe tana duba,
sannan ta durƙusa bisa takardarta kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Taku huɗu, in ji ta.
Lambatu ya kauce taku huɗu, titi bai rasa komai ba.
Ɗan kwangila ya yi ta ƙirga buhunan siminti da yatsa,
ya yi tsaki, ya sa hannu.

Na ɗauka an gama.
Ashe ba gatari kaɗai ke kashe itace ba.

Direban katafila ya ga inuwa, ya so ajiye ƙarfensa,
ta ce, "Fita. Ƙasa ma numfashi take,
in ka danne ta, saiwa ta shaƙe."
Masu kwaɓa kankare suka zo wanke shebur,
ta ce ruwan nan dafi ne, a kai shi can nesa.
Ta taka iyakar inuwa da ƙafarta,
ta ce, "Inda ganye ya kai a sama,
nan saiwa ta kai a ƙasa, har ta wuce."
Muka kewaye shi da tsohon kwanon rufi,
muka haƙa gefensa da hannu, ba da inji ba,
saiwa mai kaurin cinya muka bi ta ƙarƙashinta
kamar masu tsallake mai barci.

Kwana tara aikin ya ƙara.
An rage mana kuɗin mako guda, ban ɓoye ba,
na yi gunaguni a gida.

Yanzu kwalta ta kwanta, baƙa wul,
tana tafasa a watan bazara.
Inda dalbejiya bakwai ɗin suke,
an dasa 'yan tsirrai cikin kejin waya,
awaki sun cinye huɗu,
ukun ba su kai gwiwata ba.
Shekara nawa kafin su rufe kan jaki?

Amma a gindin madaci
'yan babur sun jera, Dija na zuba kunun gyaɗa,
agoguna na bugawa, kowanne da lokacinsa.
Titi ya ɗan karkace a wurin,
baƙi na cewa kuskuren ma'auni ne.

Ni kuwa in na bi ta nan da yamma
ina duba ɓawonsa, daidai kafaɗata,
akwai ɗigo ɗaya ja, ƙanƙane kamar ƙwayar dawa,
wanda ya zubo daga buroshina
ranar da hannuna ya ƙi.