Yatsun Baba Hamajoda

A Domayo, ƙarƙashin darbejiya,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
nan na koyi kwance inji
a hannun Baba Hamajoda.
Shekara talatin yana auna mai da yatsu biyu:
ya ɗiga, ya murza, ya buɗe a hankali.
In zare ya ja tsakaninsu, ya ce, "Zuba."
In ya tsinke da wuri, ya goge a wando:
"Wannan ruwan Mayo Kaliyaw ne."

Sai ga sabon mai ya shigo Marwa,
a gora mai ruwan toka, baki da hatimi,
wai shi ba tatacce ba ne kurum, haɗa shi aka yi,
kowace ƙwaya daidai da 'yar'uwarta.
Lita guda, kuɗin cefanen kwana uku.
Baba ya ɗiga. Tsararo,
kamar shayi zubi na uku.
Ya ja tsaki har akuyar maƙwabta ta waigo.

Ni na yi aji shida a lekol, ina karanta gora.
Na ce, "Baba, lambar farko ta asuba ce,
yadda zai ruga ya kai kan fistin
kafin ƙarfe ya ciji ƙarfe.
Ta biyu ta azahar ce,
sa'ad da kwalta ke laushi a hanyar Mora,
ita ke cewa ba zai narke ya gudu ba."
Ya ce, "Yaro, lamba ba ta hawa dutsen Mokolo."

Ran nan Matakon ya turo babur da ƙafa,
buhun dankali biyu a baya, gumi har gwiwa.
Inji na kuka kamar an taka wutsiyarsa,
taya kuwa ta ƙi ja.
Ashe ragowar man motar surukinsa ya zuba,
mai tsada, na gaske, ba algus.
Na ce, "Ba kowane mai kyau ne naka ba.
Kulocin babur kwano ɗaya suke wanka da inji,
man mota santsinsa ya fi ƙarfin riƙonsa.
Nemi gorar da aka zana babur a jikinta."
Muka juye, muka wanke, muka sake.
Ya tafi, ƙura na bin sa.
Baba bai ce uffan ba,
ni kuwa kaina ya fi fankon hulata girma.

Da wannan girman kan na shiga kasuwa
na sayo kwali guda, da arha.
Rubutu daidai, lamba daidai, zane daidai.
Baba, da yana ta fara rufe masa ido,
ya miƙo hannu: "Ɗiga min."
Ya murza. Ya sake murzawa. Ya kai hanci.
"An taɓa ƙona wannan.
Akwai tsakuwar wani injin a ciki."
Na ɗaga murfi a hasken rana:
ga sawun gam a gefen hatimi.
Tsohon mai ne, an tace da tsumma,
an sa masa rigar sallah.
Jaka ashirin ɗina, tarin wata huɗu,
suka koma shafa wa sarƙar keke.

Yanzu in gora ta zo, ni ke karantawa,
shi ke murzawa,
mai babur na tsaye yana lissafin aljihu:
mai arha, a juye kowane sati uku,
ko mai tsada, a manta da mu har wata ya juya.
Baba har gobe cewa yake tsararo ne.

Amma jiya bayan la'asar, na dawo ɗaukar sifana,
na same shi tsugune, ya ba ƙofa baya,
yana tsiyaya mai ruwan tokar nan
a cikin tsohon babur ɗinsa.
Ya ji takuna, bai waigo ba.
Ya ce, "Ragowa ce.
Kar ta lalace."