Ladan Jima

Shekara bakwai ina rubutu da dare,
in an kawo kuran a Zango.
In ba a kawo ba, da ragowar cajin waya
a bencin mai shayi.
Jima nake rubutawa:
yadda fatar akuya ke jiƙa a ruwan toka,
kwana nawa take yi a bagaruwa,
yadda karan dafi ke mai da ta ja,
kuloko ya mai da ta baƙa wuluk.
Kati nake saye in saka a intanet,
dala ɗari yau, dala ɗari jibi.
Mutum goma sha ɗaya ke karantawa,
biyu cikinsu 'yan ɗakinmu ne.

Ran Alhamis, kasuwar Dole ta watse,
Tsahara 'yar yayata ta dawo daga jami'a,
ta ce, Kawu, zo ka ga na'urar da ta san kome.
Na ce tambaye ta jimar Damagaram.
Kafin in kurɓi ruwa ta amsa.
Toka, bagaruwa, karan dafi,
bi da bi yadda na jera su,
har da wurin da nake tsayawa in huta.
Can ƙasa ta ce: Hausawa kan ce
fata ba ta manta wuƙa.

Waɗanne Hausawa?
Mutum guda ya faɗa,
Kiyari majemi, ran wata Talata,
yaronsa ya ɓarke fata ta uku,
ya faɗa cikin fushi, yana tofar da goro.
Ni ke tsaye, ni na ji, ni na rubuta.

Ashe su ma majema ne.
Sun jiƙa maganata, sun sa kartaji,
sunana ya fita kamar gashi,
sun miƙe ta sumul a kanti,
ana biya wata-wata.

Tsahara ta ce, ai kai ka shanya a fili.
Na ce majema ma a fili suke shanya,
bisa duwatsun nan,
kowa na gani, ba mai naɗewa.
Garin nan mun san tsadar ruwa.
Ruwa na Allah ne, ba gardama,
amma wa ya taɓa sallamar ɗan ga-ruwa
da “an gode” kawai?

Daren nan ban yi barci ba,
kuma ba fushi ya hana ni ba.
Lissafi ne.

Da safe na bi wari har majema.
Kiyari na zaune, hannunsa launin bagaruwa
har gwiwar hannu.
Na gaya masa maganarsa ta haye teku.
Ya ce, nawa suka ba ka?
Na ce, ko dala.
Ya ce, kai nawa ka ba ni?

Ƙudaje suka yi ta magana a madadina.

Jika biyu ke aljihuna, kuɗin cefane.
Na ajiye gefen tabarma.
Ya ɗauki ɗaya, ya turo mini ɗaya,
ya ce kai ma ka ci kuɗin kati.
In ka ga mai injin, ka ce ban hana ba.
Amma mai ɗiban wuta gidan maƙwabci
yakan yi sallama,
in ya dafa kuma, a ga ɗan kwano.

Yanzu kowane shafi da haka nake farawa:
daga bakin Kiyari ɗan Magaram,
hannun Haladu, Zango.
Na san kartajinsu da kaifi.
Sai nake cusa sunan tsakiyar magana,
tsakanin toka da bagaruwa,
yadda in sun kankare
sai fatar ta huje.

Shi kuwa maganarsa ta jiya
tana nan aljihuna, ban saka ba tukuna.
Ina jira in ji sallama.