Mai Awon Gidaje a Lisbon

Aikina awon gidajen mutane.
Ina hawa tudun Graça da tef a aljihu,
in ƙwanƙwasa ƙofa, in auna bango, in leƙa rufi,
in rubuta wa banki lamba, in kama gabana.

Ranar Talata, gida mai lamba sha tara.
Dona Ermelinda ta buɗe, riguna uku a jikinta,
ta ce in yi haƙuri da sanyin falon,
ba ta ɗumama ɗaki sai Lahadi.
Mijinta direban tarago ne, ya sayi gidan
tun unguwar na warin kifi da gawayi,
tun mai kuɗi ba ya hawowa nan
ko da kare ne ya biyo shi.
Yau tagarta ɗaya mai kallon kogi
ta fi albashina na shekara biyar.
Na rubuta: yuro dubu ɗari takwas.
Ta leƙa takardar, ta yi dariya har da tari:
"To, ɗan nan, ɓalle mini tubali guda
in kai wa mai kantin magani."
Fanshonta ɗari biyar da 'yan kai.
Miyar kabejin jiya na kan murhu,
an ƙara mata ruwa.

Tsallaken titi, hawa na uku, Baltazar.
Yana haɗa wa kamfanonin ƙetare manhaja.
Abin da ke shigo masa a wata
tsohuwar ba ta gani a shekara.
Idan ya sauko da agogonsa mai ƙyalli
mai gahawa na kiransa ranka ya daɗe.
Rabin kuɗin na mai gida ne,
saura na mota, na makarantar 'yarsa, na tsohon bashi,
ɗiban ruwa da kwando.
Bai isa ya kafa ƙusa ba sai da izini,
shi ya sa hoton yarinyar ke jingine a ƙasa
shekara huɗu, yana jiran bango.
Wasiƙa ta zo masa makon jiya:
ƙarshen bazara a ba da mukulli,
baƙi masu kwana uku sun fi shi biya.

Mai benen kuwa ban taɓa ganinsa ba.
Sa hannu ne kawai, kamar sawun ƙadangare
a ƙasan takardu goma sha ɗaya.
Ba shi da albashi, in ji fayil.
Gidajensa ke tashi da asuba su tafi masa aiki.

Fom ɗin bankin gurbi uku gare shi:
me ka mallaka, me ke shigowa, nawa ake bin ka.
A ɗebe na ƙarshe daga na farko,
abin da ya rage, wai kai ke nan.
Da wannan lissafi Ermelinda attajira ce
mai ƙirga ƙwayar magani,
Baltazar kuma fanko ne mai kyan fenti.
Ita tana hangen fitilarsa tana cewa, ya more.
Shi yana hangen ƙofarta yana cewa, ta huta.
Arziki rigar ƙaya:
kowa na ganin ta a jikin wani,
ba ya jin sukar.

Da yamma na bi jirgin ruwa zuwa Barreiro,
tare da masu shara da masu wanke-wanken otal.
Birnin na ja da baya, rufinsa jajaye,
na san farashin kowanne kamar sunan ɗan'uwa.
Kura da shan bugu.

A ɗakina na haya hannuna ya zaro tef da kansa.
Taku uku da rabi, taku huɗu.
Tagar na kallon bangon wani.
Na fara rubuta lamba, na tsaya,
na tuna ba wanda ya aike ni.