Lamba Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Garwa, wuta ta ɗauke.
Da takalmi ɗaya na ruga gun janareta:
jinin mutum ɗari uku na kwance a firiza,
zafin bazara kuwa ba ya jiran kowa.

Ba ni ke buɗe ƙirji ba.
Nawa in ɗiga, in manna lamba, in rubuta.
Inji ya wulwula kwalba, ja ya kwanta,
ruwan ɗorawa ya taso.

An ce lamba ba ta da fuska.
Wannan kam na san tarinta:
Baba Hamajoda, mai fito a Binuwai,
da ya ce zuciyarsa na dukan haƙarƙari
kamar kifin da aka jefa cikin kwalekwale.

Na auna sau biyu, ina fatan kuskure nawa ne.
Ba nawa ba ne.

In bincike ya fito, sunana na can ƙasa,
wajen godiya, kusa da na direba.
Ba komai.
Jibi likita zai ce masa ya bar gishiri.
Zai yi dariya,
ya aiko mana da bandar kifi.