Zobban Nomau

Na gan su jingine a bangon wani shago a Buzaye,
huɗu reras, suna ƙyalli kamar tasar da aka cuɗa da toka.
Mai shagon ya ce jiya suka sauka daga Kwatano.
Ya ƙirga mini ramukan noti da yatsa:
huɗu a nan, huɗu a motarka, me ya rage?
Kuɗin ragon layya na zaro na ba shi.

Yaro ya ɗaga Korolata da jak,
ya tuɓe mata baƙaƙen rim ɗinta na ƙarfe,
waɗanda suka yi shekara tara suna kai ni Wurno ba ƙorafi.
Noti ya shiga, sifana ta yi kuka.
Na bi ta Gawon Nama a hankali, gilashi a ƙasa,
don mai ido ya gani.

Ran Asabar, hanyar Tambuwal, za mu suna.
Muna wuce Boɗinga allura ta taɓa ɗari,
sai sitiyari ya kama ɓari kamar mai masassarar damina.
Madubi na rawa, haƙorana na gaisawa,
furar da Kulu ta riƙe a cinya ta yi tsalle ta sauka a zaninta.
Ta dubi zanin, ta dube ni,
ta juya tana kallon gonakin gero.
Da ma zagina ta yi.

Sau biyu na biya kuɗin balansin,
a liƙa darma, a ɓamɓare darma.
Wani ya ce taya ce, wani ya ce shokozoba,
wani ya ce in nemi addu'a, baki ne.

Arzika bai tofa ba sai da ya kwance ƙafar gaba.
Ya ɗora rim ba noti, ya girgiza: ƙwal, ƙwal.
Ya zura ɗan ƙaramin yatsansa a tsakani, ya shige.
"Malam, ka gani? Bakin wanga saba'in da ukku na,
cibiyar motarka hamsin da huɗu.
Ba zamne shike ba, rataye shike.
Noti ya iya riƙo, amma bai san tsakiya ba."

Shi ya tura ni gun Nomau mai tana, can bayan Kara,
tsoho, tabarau ɗaure da zare.
Ya auna cibiyar sau uku, ya rubuta a bango da alli,
ya lalubo guntun alminiyam,
ragowar wani injin ban-ruwa da ya mutu a fadamar Kwalkwalawa.
Inji ya juya, ƙarfe na zubar da furfura a murɗe.
Na tambayi kuɗi. Ya ce, "Bari shi zamna tukuna."
Na farko ya yi sako-sako da kaurin gashi ɗaya.
Ni na ce zai yi. Shi ya jefa shi bokiti.
Aka kira la'asar, muka yi, ya koma bakin inji.

Zobe huɗu, ko awarwaro ya fi su nauyi.
Arzika ya shafa giris, ya danna,
rim ya hau ya zauna, shiru.

Yanzu ina wuce Boɗinga da ɗari da goma,
Kulu na barci, kanta a jikin gilashi.
Layyar bana a watanda muka shiga, mu bakwai kan saniya;
ta faɗa wa kowa dalili.

Ran Juma'a matasa kan tsaya su shafa rim,
su tambayi nawa, su tambayi ina.
Zobban suna ciki, ba mai ganinsu.
Ni ma ba na faɗa.
Sai dai in gyara zaman hular babana,
wadda ta fi kaina tun ranar da na gaje ta,
in ji takardar da na ninke a cikinta
tana nan, ta sha gumi, tana riƙe.