Wane Ayuba?

Shekara talatin ubana na ɗaure noti a layin dogo,
daga Iddo har Agege ya san kowane ƙarfe da irin tarinsa.
Bai taɓa tambayar guduma
ina take fuskanta in za ta yi addu'a ba.

Ni kuwa ranar Talata na sauka Ebute Metta,
takarduna cikin leda, don ruwan Ikko ba ya sallama.
Mu ɗari huɗu a layi, gurbi goma sha biyu.
Na kwance birki a gabansu, na mayar,
ko wosha ɗaya ba ta yi saura a tire ba.

Akawu ya ɗago kai, biro a baki:
"Ayuba Maigari. To, wane Ayuba?
Na Juma'a ko na Lahadi?"
Na ce, na injin dizal.
Bai yi dariya ba.
Ya dubi goshina, ya leƙa wuyana,
yana neman tabon sujada ko sarƙar gicciye,
gumi kawai ya tarar.
Sai ya ɗiga ja a gefen sunana,
ɗigo ƙarami, kamar cizon sauro.

Wata bakwai ina sosa wurin.

Rannan sai jiniya.
Kwamitin majalisa, mota tara.
An share haraba, an shafa wa tsohon tarago fenti
a gefen da baƙi za su gani.
Suka karɓi jerin waɗanda aka bari,
suka ja layi a tsakiyar takarda.
Mai babbar riga ya ƙirga ni cikin nasa da aka zalunta,
mai kwat ya ce ƙarya ne, nasa ne ni.
Suka yi ta buga tebur a kaina,
ni ina bakin ƙofa,
maigadi na cewa ba ni da katin shiga.

Rahoto, an ce, yana tafe.
Wataƙila jirgin kaya ya hau.

Yanzu janareto nake gyarawa a Oyingbo,
bayan mai sayar da busasshen kifi.
In jirgin ƙarfe shida ya ratsa
nakan ajiye sifana in kasa kunne.
Tarago na uku, ƙafar hagu, tana kuka,
tun makon jiya take kuka.
A ciki akwai mai jan carbi,
akwai mai rera waƙar coci a ƙasan maƙoshi,
suna gyangyaɗi kafaɗa da kafaɗa
a kan birkin da ba wanda ya duba.