Na Bakwai

Gwangwanin madara ne, tsatsa ta ci bakinsa,
a ƙasan adakar Inna Tasalla muka tarar
bayan sadakar arba'in.
Tsumma cikin tsumma, ƙulli kan ƙulli,
sai ga sulallan zinariya bakwai a tafina,
sanyi gare su kamar ruwan randa.

Na kai wa Ranau, maƙerin fari,
can bayan babbar kasuwar Maraɗi,
inda 'yan canji ke lasar yatsa, naira na komawa sefa.
Ya goge tabarau da bakin riga,
ya jawo sikeli, ya kashe fanka,
wai iska ma tana da nauyi.

Ɗaya bayan ɗaya ya goga su a baƙin dutse,
ya ɗiga ruwa mai hayaƙi.
Wannan, in ji shi, kan wani sarkin Nasara ne,
yawan hannu ya cinye masa hanci.
Wannan mai zakara, kuɗin gujiya ne,
zamanin da buhu ke hawa kan buhu har ya tare rana.
Wannan daga Makka ya zo, ɗinke cikin ɗamara.
Wannan an huda shi an rataya a wuya.
Masu tarawa na Yamai za su rage maka don hujin,
su shekara suke saye, da kyan fuska.
Ni nauyi nake saye. Wuta ba ta karatu.

Ya riƙa sakin su a kan siminti.
Shida suka yi kuka siriri mai doguwar wutsiya.
Na bakwai ya ce ƙwal, ya yi shiru.

Ranau ya daɗe yana juya shi.
Tagulla ce, aka yi mata wanka.
Aikin babana ne, ga cizon magagarinsa.
Shekarar da gulbi ya ƙafe har rijiyoyin cikinsa
mata da yawa sun zo nan bayan lisha.
Na gaske ya fita, hatsi ya shiga gida,
wannan ya zauna a gurbi
don kada mai ƙirga ya tsaya a shida.

Uwata takan ce
ba su taɓa kwana da yunwa ba a shekarar nan.
Ba ta san dalili ba.

Shida na magada ne, malam zai raba.
Wannan fa, nawa?
Ranau ya yi dariya: ko dala ban ba ka.

Na mayar da shi tsummansa, na ƙulle yadda ta ƙulle,
na tsai da kabu-kabu zuwa Bagalam,
hannuna ɗaya a aljihu har ƙofar gida.